Agogon da Ya Zo daga Maraɗi

Ina koyarwa a garin Isa shekarar da yanar ido ta rufe idanun Baba. Manomin gero ne a Gangara, mutum mai son yi wa kansa komai. Abin da ya fi ci masa rai shi ne tambayar mutane ko azahar ta yi. Da can inuwar rumbu kawai yake duba ya sani.

Wata Asabar na je gida, sai ga yayanmu, wanda ke kai wake Maraɗi, ya sauka daga kabu-kabu da ɗan ƙunshi a aljihun gaba. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce aminin Baba ne ya aiko. Aminin nan tare suka yi fatauci da jakuna suna samari, daga baya ya zauna can ya yi arziki.

Cikin ƙunshin akwai akwati mai laushi, cikin akwatin agogon hannu. Ban taɓa riƙe irinsa ba. Yana da nauyi. A fuskarsa ga rana, ga kwanan wata, ga sunan watan da Faransanci, ga kuma ɗan farin wata na zinariya da ke girma yana raguwa tare da na sama. Bayansa gilashi ne, kana ganin ƙananan ƙafafu masu haƙora suna juyawa. Babu batir. Kowace safiya ake murza ɗan kan da ke gefensa.

Baba ya shafa shi ya yi dariya. "Mi za ni yi da agogo, ni da ba ni gani?"

Yaya ya ce, "Baba, wanga na kunne ne. Kawo yatsanka."

Ya ɗora yatsan Baba kan wani ɗan maɓalli ya tura. Sai muka ji ƙara mai sanyi, kamar an taɓa tasa da zobe. Mai kauri sau huɗu, tagwaye sau ɗaya, siririya sau uku. Yaya ya bayyana: mai kauri awa ce, tagwayen kwata, siririyar minti.

Baba ya ƙirga, leɓunansa na motsi. "Huɗu da sha takwas ke nan."

Na duba fuskar agogon. Haka ne daidai. Baba ya sake turawa, ya sake, har Inna ta leƙo daga madafi tana tambayar wa ya kawo ƙararrawa gidan.

Daga nan ya koma fita zaure. Dattawa suka riƙa zuwa saurare, kowa ya karkato kunne, ana tsawata wa mai tari. Wata rana da damina, hadari ya rufe gari, wayar ladanin unguwa ta mutu saboda rashin caji. Sai ga shi a ƙofar zaure yana ta kame-kame, don shi ne ya taɓa cewa agogon wasan masu kuɗi ne.

"Malam," in ji shi, "ko za ka tambaya muna abokin naka?"

Baba ya sa shi ya maimaita, wai bai ji ba. Sannan ya tura maɓallin, ya ƙirga, ya ce, "Tahi ka yi kira, la'asar ta shiga." Makon nan duk wanda ya shigo sai ya ji labarin.

Bayan kaka na ji likitocin ido sun zo Sakkwato suna cire yana. Baba ya ƙi da farko. Na ce masa, "Ba ka son ganin abin da ka ke ɗaure da shi a hannu?" Ya kwana biyu, ya ce a nemo mota.

Washegarin aikin aka kwance bandejin da hantsi. Ya ƙifta ido, ya ƙifta, hawaye na zuba. Ya ɗaga hannu ya kai agogon kusa da hancinsa, ya daɗe yana kallo.

"Ashe da wata ciki! Ku ba ku hwaɗa mini yana da kyau haka ba."

Muka ce mun faɗa. Ya ce faɗa daban, gani daban. Ya juya shi ya kalli ƙafafun da ke motsi a baya, yana ta salati, har ma'aikaciyar jinya ta zo ta tsaya tana kallo tare da shi.

Can ya ɗago kai ya dube ni. Ya dube ni sosai, daga hula har gemu. Sai ya fashe da dariya, har gadon na girgiza.

"Kai! Yaushe ka yi hurhura haka?"

Na ce ɗalibai ne suka sa ni. Ya kama gemuna ya ja kaɗan, kamar yadda yake jan kunnena ina ƙarami. A mota kan hanyar Sabon Birni bai rufe ido ba ko sau ɗaya. Kowace gona muka wuce sai ya faɗi ko mai ita ya yi aiki ko ya yi lalaci.