Baburin Alhaji mai fitila shida

Ina shekara ta huɗu da buɗe gareji a unguwar Alibandeng ta Libreville wani Alhaji ɗan garinmu ya kawo mini baburinsa. Dillalin gidaje ne a unguwar Angondjé. Baburin irin dogon nan ne mai manyan tayoyi, wanda aka ƙera don kwalta da daji duka. Na hannu ya saya, wurin wani Bature da zai koma ƙasarsu.

Na san irin baburin sarai. Injinsa akwai juriya, amma yana da lago. Akwai wani ɗan ƙarfe da ke ɗame sarƙar cikin inji, ba shi da ƙwari, ranar da ya karye inji ya tashi aiki. Kusoshin da suka riƙe bayan babur, inda ake ɗora kaya, sirara ne. Sifirin ɗin gaba kuwa laushi gare shi, kana taka birki babur ya durƙusa. Na yi masa bayani dalla-dalla, na ce a sauya su kafin komai. Shi kuwa yana can yana gyara zaman hularsa.

"Malam, duk wannan wa zai gani?"

"Ba wanda zai gani, Alhaji. A ciki suke."

"To bar su. Fitilu nake so, da akwatuna."

Na ɗaura masa fitila shida, da akwatunan ƙarfe uku, da salansa mai ƙarar da ke tada kaji. Ya sayo rigar fata da takalma har gwiwa, a zafin Libreville. Kullum da la'asar sai ya tafi unguwar Louis, ya kafe babur a ƙofar wani gidan abinci, ya zauna inda masu wucewa za su gan su tare. Wata bakwai tayar nan ba ta taɓa taka jar ƙasa ba. Direbobin taksi ma sun gane shi, suna yi masa ham don tsokana, shi yana ɗaga musu hannu.

Ranar wata Lahadi da damina abokansa suka zuga shi, ya bi su hanyar daji bayan Akanda. Ya cika akwatunan da tukunyar gas da kujerar ninkewa da katan ɗin ruwa, tafiyar da ba ta kai yini ba. A ramin farko mai zurfi kusoshin suka tsinke. Bayan babur ya zauna kan taya, Alhaji ya kwanta cikin taɓo.

A bayan motar ɗaukar katako aka kawo su. Bai ji ciwo ba, sai gwiwa da ta ɗan goge. Ya tsaya a bakin gareji taɓo na bushewa a gemunsa.

"Baturen nan ya cuce ni," in ji shi.

Na ciro guntun kusa na miƙa masa. Ya juya ta, ya miƙo mini.

"A yi walda kawai. Sayarwa zan yi."

Na ƙi yin walda. Na huda, na zura kusa mai kauri, don ban san wanda zai hau bayansa ba. Wani ɗan Garoua mai sayar da atamfa ya saya, shi ne ya sa aka sauya sauran kayan da na lissafa wa Alhaji.

Alhaji yanzu mota yake ja. Bayan sallar Juma'a nakan jiyo shi yana ba mutane labarin zamanin da yake ratsa dajin Gabon a kan babur. In ya hango ni sai ya rage murya. Nakan gaishe shi in wuce.