Numfashin Wiltrud a Bakin Yara

A gidan Vollbrecht babu sarewar da ke fita sai Wiltrud ta sa mata baki. Yayanta Eckehard ke sassaƙa a ƙasa, injinsa na gurnani tun safe. Ita kuwa tana ɗakin sama, ta busa, ta saurara, ta ƙara wa rami faɗi da magagari ko ta rage shi da kakin zuma, har muryar ta zauna. Tun tana budurwa take wannan aiki, ga shi furfura ta cinye mata kai. Rabin yaran garin da sarewarta suka fara kiɗa, amma da wuya ka sami wanda ya san fuskarta.

Kujerar da take zama ta mahaifinsu ce. Shi ne mai cewa itace mugun mai riƙo ne, abin da ka hura masa ba ya mayar maka. Kowa ya ɗauka zancen tsufa ne. Da ƙirjinsa ya fara gazawa, Eckehard ya sauko da shi daga bene, wai don tausayi. Tsoho ya zauna bakin taga, hannu a cinya, bai ga ƙarshen hunturun ba. Wiltrud ba ta manta ba. Shi ya sa da ta fara tsayawa a tsakiyar matakala tana dafa bango, ta ja bakinta ta yi shiru. Ta tsiri hawa kafin yayanta ya iso, ba ta saukowa sai ya juya baya. Ba mutuwa take tsoro ba kamar zaman bakin taga.

Ana cikin haka Malama Gesine, mai koya wa 'yan firamare kiɗa, ta shigo da lema tana ɗigar ruwa.

"Malam Eckehard, sallama na zo yi muku," in ji ta. "Makaranta ta ce mu koma sarewar roba. A wanke da sabulu, yaro ya zauna a kai ba ta fashe ba."

"To ki haɗa musu da bokiti su riƙa bugawa, ai shi ma roba ne," in ji Eckehard.

"Kai dai ba ka wuni da su. Wannan ya zo da ta kakarsa, wancan da ta gwanjo, ko yatsu ba wuri ɗaya ake sawa ba. In suka busa tare, ko kare ba ya zama a unguwar. Ni iri ɗaya nake so, murya ɗaya."

Daga saman bene Wiltrud ta ce, "Kawo min yara kaɗan su gwada nawa, kafin ki yanke."

Sarewa dai tana bin ƙarfin mai busa. A matsa mata, murya ta hau. A sassauta, ta sauka. Wadda babba ya daidaita da cikakken ƙirji, in ta faɗa bakin yaro sai ta yi ta lilo, kowa da inda tasa ta nufa. Amma da yaran Gesine suka karɓi waɗanda Wiltrud ta gama a watan nan, sai murya ta fito siririya, a miƙe, ka rantse mutum ɗaya ne. Gesine ta shafa hannunta, tsigar jikinta ta tashi.

"Me kika yi musu, Anti Wiltrud?"

"Aiki," in ji ta.

Ta san abin da ta yi. Ƙirjinta ne ya koma na ɗan shekara bakwai. Abin ya faranta mata, ya kuma tsorata ta, ta rasa wanne ya fi.

Gesine ta manta da roba, ta ce a yi wa ajin duka. Wiltrud ta duƙufa. Waɗanda ta gama tana rataye su a jere a bango. Wata rana da azahar, injin ƙasa ya tsaya, Eckehard ya fita cin abinci, sai ta ji wani sauti siriri daga bangon. Ta duba taga, a rufe. Ta duba ƙofa, a rufe. Ta riƙe numfashinta don ta saurara da kyau, sautin bai tsaya ba. Yana shiga yana fita, da ɗan shaƙewar nan da take yi a matakala. Ta ɗauko wata ɗanyar sarewa ta ci gaba da aiki, don ba ta ga abin da tsayawa zai gyara ba.

Gab da Kirsimeti makaranta ta yi taron iyaye da yamma, aka gayyaci 'yan gidan Vollbrecht. Zaure ya cika da warin jiƙaƙƙun riguna da kofi. Yara suka jeru, Gesine ta ɗaga hannu.

Ba a taɓa jin irinsa a garin ba. Iyayen da suka zo da niyyar daurewa suka bar motsi. Sai a tsakiyar baiti, inda babu mai tsayawa, yaran duka suka yanke, suka ja numfashi tare, da ɗan fito a maƙogwaro. Suka ci gaba. Suka sake yankewa. Gesine ta dubi takardarta, ta dubi yaran, hannunta ya tsaya a sama. Ba ita ta koya musu haka ba.

Eckehard ya taɓa jin wannan, a sarewun da mahaifinsu ya gama a shekararsa ta ƙarshe. Ya juyo a hankali ya dubi ƙanwarsa.

"Tun yaushe?" ya ce ƙasa-ƙasa.

"Yaya, ana kiɗa."

"Wiltrud, tun yaushe?"

Idonta na kan yaran, ƙirjinta na yankewa daidai inda suke yankewa.

Da aka tashi, Gesine ta ratso mutane ta kama hannuwanta biyu, fuskarta ba ta gama dawowa daidai ba. Ta ce makarantar renon yara ma suna so, sai dai nasu ƙanana ne ƙwarai, ko waɗannan sun yi musu nauyi, ko za a iya samun waɗanda suka fi su taushi?

Eckehard ya buɗe baki zai ce an rufe ɗakin sama. Wiltrud ta riga shi.

"Za a samu," ta ce. Ta tsaya ta ja numfashi. "Ki dawo da bazara. Lokacin za su yi musu daidai."