Inda Baba Sarzan Yake Tsayawa

Da safen nan labari ya iske ni a tasha: Baba Sarzan ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tikitin Yamai na je saye, na dawo ban saya ba. Tun ɗazu na kasa zama. In ɗauki ƙahon busata, in aje, in leƙa waje, in dawo.

Ga wanda bai san shi ba, tsohon mai busa ne a fanfar, wato rukunin makaɗan soja. Da ya aje aiki sai ya dawo Dakoro da tubarsa, ƙaton ƙahon tagullar nan mai muryar bijimi. Shi ya koya mini busa, can bayan gari, don maƙwabta sun ce muna firgita musu awaki.

Aikinsa shi ne ya ɗauko tsohon kiɗan da Turawa suka tsara wa biyolon, wato gogensu, ya sauko da shi muryar tuba. Yakan ce, "Laminu, goge ba ya numfashi, kai kana yi. Aikin duka shi ne gano inda za ka ja iska ba ka yanke waƙar ba."

Asabar ɗin nan nake da konkur a Yamai, wato jarrabawar shiga fanfar. Kiɗan da zan busa shi ya tsara mini.

Ganinmu na ƙarshe har ƙorafi na yi masa. Na ce, "Baba, wuraren numfashin nan sun yi yawa. Da ba haka kake yi ba. Ni fa ina iya wuce su."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "To wuce mana, samari. Ni dai nan nake tsayawa."

Sai yau ɗiyarsa ta gaya mini ƙirjinsa ya daɗe yana damunsa, ya hana a faɗa. Ta ce ba layin da ya ba ni bai busa shi da kansa ba. Ya busa, ya yi tari, ya huta, ya sake.

Wallahi zuciyata ta ƙi kwanciya.

Na san masu konkur dogon numfashi suke so. Da an yi jana'iza zan koma tasha. Ranar Asabar kuwa, ko za su kayar da ni, duk inda ya tsaya nan zan tsaya.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya hutar da shi. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.