Littafin Kakan Kawu Mai Agogo

Kawuna mai gyaran agogo ne. Shagonsa wani ɗan lungu ne ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai aski da mai sayar da taya. Tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, da gwangwanayen madara cike da ƙananan kusoshi. Yakan ce shi kaɗai ne likitan da majinyatansa ba sa kai ƙara.

Abin da ya gada bai wuce littafi ɗaya ba, wanda kakansa ya rubuta da hannu da ajami: tarihin malaman da ya yi karatu a wurinsu, da waƙoƙin wa'azi a gefen shafuka da jar tawada. Yana cikin gafaka, jakar fata da ta yi baƙi saboda hannaye. Kawu bai yi nisa a karatu ba, da ƙyar yake haɗa layi biyu na wannan rubutu. Amma mahaifiyarsu takan rera wata waƙa daga ciki in tana wanki, shi kuma ya riƙe farkonta, ƙarshen ya ɓace masa. Kullum cewa yake in ya samu sarari zai zauna da wani malami su bi ta baiti baiti.

Wata damina rufin ɗakinsa ya yi yoyo. Da ya janye akwati sai ya tarar gara ta cinye shafukan ƙarshe, har da wurin da kakan ya sa sunansa. Ya tsorata. Bai yi shawara da kowa ba ya ɗauki littafin ya kai gidan tarihi, ya ba su kyauta.

Inna, mahaifiyata, wadda take yayarsa, ta yi wata ba ta amsa gaisuwarsa ba.

"Ka ɗauki kakanmu ka kai gidan kallo," in ji ta.

"Yaya, da kallon mutane da cikin gara, wanne ya fi?"

"Da ka kawo mini. Ni ɗakina ba ya yoyo."

Gaskiya kuwa ta faɗa.

Bayan shekaru aka yi baje kolin tsofaffin littattafan addini a gidan tarihin. Ni direban tasi ne, don haka ni na kai shi. Ya sa rigarsa mafi kyau. Zauren sanyi ƙalau, hasken a rage, akwatunan gilashi a jere. Akwai littattafai masu adon ruwan zinare, mutane sun taru a kansu. Namu yana can kusurwa kusa da tukunyar kashe gobara, a buɗe a tsakiya. Kawu ya tsaya a gabansa.

"Direba, karanta mini 'yar takardar nan ta ƙasa."

Na karanta. An rubuta cewa ba a san marubucin ba.

Ya yi dariya tukuna, kamar an yi masa wasa. Sannan ya nemi jami'ar da ke kula da zauren, wata mata mai fara'a da ta ba shi kujera ta saurare shi har ƙarshe.

"Baba, ban ƙaryata ka ba," ta ce. "Amma wanda ya karɓi littafin ya yi ritaya, kuma shafin sunan babu shi. Ko akwai wani abu a gida da rubutun hannunsa?"

Babu. Duk wanda ya san kakan da ido ya riga mu gidan gaskiya.

Daga nan Kawu ya mayar da zauren wurin zuwansa. Sai ya rufe shago da hantsi ya tafi, dama aikin ya ja baya. Masu gadi suka saba da shi har suka daina duba tikitinsa. Yakan sa madubinsa na gyaran agogo a ido ya sunkuya kan gilashin, har numfashinsa ya yi masa hazo. Shafi biyu kawai ake gani, kuma waƙar ba ta cikinsu. In baƙi suka zo wucewa yakan ce, "Kakana ne ya rubuta wannan." Wasu su ce madalla, wasu su dubi takardar su dube shi, su ja 'ya'yansu gaba.

A lokacin ne idonsa ya fara dushewa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Aka rufe baje kolin, aka mayar da littattafan ma'ajiya. Jami'ar ta yi ta fama har ta samo masa izinin ganin littafin a ɗakin bincike, amma kafin izinin ya fito Kawu sai an riƙe masa hannu.

Duk da haka muka je. Jami'ar ta sa safar hannu, ta ɗora littafin kan matashi, tana buɗe shafukan a hankali.

"'Yata, nemo inda jar tawada ta fi yawa, ki karanta mini."

Ta samo wurin. Ta ce ita aikinta adanawa ne, masanin da ke karanta irin wannan hannu ya tafi ƙasar waje karatu, ba a san ranar dawowarsa ba. Kawu ya juyo inda yake jin numfashina. Ni ma ban iya ba. Ya rera farkon waƙar da 'yar muryarsa, ya kai inda yake tsayawa kullum, ya tsaya. Jami'ar ta matso. Ta kama yatsansa ta ɗora a gefen takardar, ko da yake doka ta hana. Ya sunkuya ya shinshina, ya ce warin magani yake yi.

Muka koma gida. Inna tana bakin ƙofa tana jira, dogare da sandarta.

"Yaya ka same shi?"

"Lafiya lau, Yaya. Ya fi mu samun kulawa."

Bai ƙara neman a kai shi ba. Ya yi shekara biyu a ɗakin ƙofar gidanmu, yawanci a zaune, fuskarsa wajen taga, har ya rasu. 'Ya'yansa sun zo jana'iza daga garuruwan da suke aiki, suka kwana biyu suka koma. Babu wanda ya tambayi littafin a cikinsu.