Jirgin Amurka da Na Yi wa Inna Alkawari

Ni na ce wa Inna Amurka za ta aiko jirgi ya kwaso 'yan Haɗeja daga Nijar. Har na ƙara da cewa a bayan kasuwar kifi zai sauka. Wasa nake, amma fuskata ba ta nuna ba.

Daminar da sojoji suka ƙwace mulki a Nijar ke nan. Yayana ya kai bandar kifi Damagaram, aka rufe iyakar Maigatari yana can. Ƙasarmu ta yanke wa Nijar wuta, wayarsa ta mutu, matarsa kuma cikinta ya tsufa. Ni ne mai korar tsuntsayen jan-baki a gonar shinkafarmu ta Auyo, rediyon Baba na rataye a wuyana, saboda haka duk yamma ni ake jira da labari.

Abin da na ji a ranar kaɗan ne. An ce Amurka na da sojoji a Agadas, shi ya sa ta ƙi kiran abin juyin mulki, tana ta lallashin waɗanda suka yi shi. Wani tsoho mai kwalekwale ya ce, "Kamar mai aron turmi ne, ba ya zagin matar gida." Na ga labarin ba gishiri, na sa masa fuka-fuki.

Da ma an shirya Baffa, ƙanen Baba, zai bi ta daji a babur ya nemo Yaya. Inna ta tare shi a zaure.

"Malam, ka zauna. Kada mu rasa biyu. Turawa na zuwa."

"Wa ya ce?"

"Rediyo. Ɗan autana ya ji."

Baffa ya dube ni. Idona a ƙasa, na gyaɗa kai. Da na yi dariya a nan, da shi ke nan an ba ni ranƙwashi an wuce. Amma rabon da Inna ta ci abinci sosai tun da aka rufe iyaka, ran nan kuwa ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari.

Daga nan kullum sai ta tambaye ni ina jirgi ya kwana. Na ce yana shan mai. Na ce hadari ya tare shi. A gona kuwa rediyo na ta maganar yaƙi, Amurka na cewa a yi haƙuri a tattauna, jakadunta na zuwa suna komawa. Na daina jifan tsuntsaye, sai kallon sama, ko Allah zai rufa min asiri. Jan-baki suka yi biki a kanmu, har wani ya sauka a hulata ya huta.

Matar Yaya ta haihu. A nan na faɗa wa Baffa gaskiya a bakin kogi. Bai dake ni ba, cewa ya yi, "Kai da Amurkan duk jirgi ɗaya ya kwaso ku," ya tafi neman mai. Sai dai ruwa ya riga ya cinye hanyar daji, ya juyo daga rabi.

Aka yi suna ba uban yaro. Baba ya raɗa masa sunan da ya ga dama.

Yaya ya dawo da ƙafarsa bayan ruwa ya janye, a rame, tare da wasu Fulani masu shanu. Amurka ta kira abin juyin mulki daga baya, da shekara ta zagayo kuma ta kwashe sojojinta. Jirgi ya zo, amma nata ya ɗauka.