Matar da Ta Ƙi Iya Patishapta

Kullum da safe Nanret takan sauka daga bas a Takoma Park da ke Amurka, ta buɗe ƙofar gidan da ba nata ba, ta ce, "Mama, mun kwana lafiya?" da Hausa, ga tsohuwar da ko "zo" ba ta ji. Ta yi mata wanka, ta shafa mata mai, ta ba ta magani. Aikinta ke nan shekara da shekaru, kula da tsofaffi a gidajensu. Ƙarshen watan nan za ta ajiye, don gwiwa ta gaji, garinsu Pankshin kuma yana kira.

Tsohuwar, Shefali, 'yar Bengal ce ta Indiya. Da ɓarin jikinta ya shanye, hannun dama ya daina aiki, sai ta rufe baki, ba magana, ba abinci. Likita ya gaya wa 'yarta Mitali ƙarara cewa in ramar ta ci gaba, sai gidan tsofaffi da bututun abinci. Mitali ta zauna a kicin tana kuka, har ta ambaci patishapta da uwar ke yi musu duk Janairu: ƙullun shinkafa da madara a soya shi falan-falan, a zuba kwakwa da mazarƙwailar dabino a tsakiya, a naɗe kamar tabarma.

Nanret ta ce a ranta, ai sinasir ne da ya je makaranta. Ta jiƙa shinkafa, ta markaɗa, ta zuba yis yadda aka saba a gida, ta bar ƙullu ya kwana. Washegari ta turo Mama a keken marasa lafiya zuwa kicin don ta ji ƙamshi. Tsohuwa ta leƙa roba, ta ga ƙullu ya tashi yana kumfa. Mitali tana wurin, ita ta shaida cewa kalmar farko da uwarta ta furta bayan makonni ita ce "A'a!" Sauran faɗa ne da harshen Bengali, Mitali kuma ta ƙi fassarawa.

Da hannun hagu Shefali ta nuna a zubar. Ta sa aka dama sabo babu yis, aka yanko kan yalo aka tsoma a mai aka shafe kasko. Na farko ya fito, ta gutsura don ta ji ko an yi daidai. Ba a yi ba. Ta gutsuri na biyu. Kafin ta gama kushewa, faranti ya koma wayam.

Tun daga ranar Nanret ba ta taɓa yin sa daidai ba. Yau ƙullu ya yi kauri, gobe kwakwa ta yi yawa, jibi naɗin ya warware. Mitali har kunya take ji, tana ba Nanret haƙuri. Tsohuwa dai tana gyara tana ɗanɗanawa, kushen ya wuce kan shinkafa da miyar kifi, kumatu suka dawo. Ba a ƙara maganar bututu ba.

Ke ce, Nanret, kika yarda a ɗauke ki marar kai a gidan mutane, ke da ake layi a kan masarki duk bikin coci. Abin yana ba ni tausayi, yana kuma burge ni.

Makon jiya Hadisa, 'yar Kumasi da za ta karɓi aikin, ta zo koyo. Mace ce mai hannu, gwajin farko ta naɗe patishapta sumul. Shefali ta duba sama da ƙasa, ba ta sami abin kushewa ba. Ta ture faranti, ta juya fuska bango. Nanret ta ja Hadisa baranda.

"Anti, me na ɓata?"

"Ba ki ɓata komai ba, matsalar ke nan. Ranar da kika iya, Mama ba ta da sauran aiki a duniya. Koma ki ƙona ɗaya."

Hadisa ta koma. Ba a jima ba ƙauri ya tashi, faɗa ya biyo baya, sannan ƙarar cokali a faranti.

Mun gode, Nanret. Allah ya huta gajiya, ya kai ki gida lafiya. Ku kuma masu riƙe da tsofaffi, naku ko na wasu, kada ku gama musu komai. Ku bar musu abin da za su gyara.