Kusurwar da Baba Bai Noma Ba

Shekarar da hatsi ya gagare mu, dole na sa gonar marigayi Baba a kasuwa. Wani kamfanin dillanci mai rassa a manyan birane ya ce zai sayar da ita da wuri, har da kusurwar gabas da Baba bai taɓa nomawa ba. Dillalin garinmu kuwa, da muka isa kusurwar, sai ya tuɓe takalmi ya yi sallama. Babu kowa a wurin. Ya ɗan saurara, ya gyaɗa kai.

Na ce, "Malam, wa ka gaisar?"

Ya ce, "Ashe mahaifinka bai faɗa maka ba."

Tsoron kada baƙi su sa garma a wurin ya hana ni sukuni. Dillalin garinmu na ba cinikin duk da zai ɗau lokaci, muka ci gaba da cin rama har kaka.